Sola a gida: yadda haɗin batura ke ba da bolt 12, 24 ko 48, da abin da ke kashe su tun lokaci bai yi ba

Tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar bayan takunkumin CEDEAO, sola ta shiga gidaje da shagunan da a da ba su ma taɓa tunaninta ba. Yamai na samun kuran ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuma ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, saboda haka kowa ya ji a jikinsa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, wuta ta dawo, amma ɗaukewar da ake yi a bazara ba ta daina ba. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, akwai ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai, sai dai waɗannan babban layi suke ciyarwa. Ƙauyen da turakun NIGELEC ba su kai ba, da mai sayar da ƙanƙara, da mai cajin salula a bakin kasuwa, abin da ke riƙe su bayan faɗuwar rana batir ne.

Batir ɗin nan kuwa shi ne ya fi cin kuɗi idan aka yi lissafi na shekaru. Panno mai kyau yakan haura shekara ashirin a kan rufi. Batir na gubar dalma, irin wanda ya cika kasuwanninmu, in an kula da shi ya yi ƴan shekaru, in ba a kula ba shekara guda ma da ƙyar. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa da wuri ba jabu ba ne, yadda aka haɗa su ne ya cinye su. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware wannan magana ta haɗin batura, wadda masu gyara ke kira seri da paralel, don mai gida ya san abin da ake yi masa, shi ma yaron da ke koyon aikin ya san dalilin abin da hannunsa ke yi.

Abin da aka rubuta a jikin batir

Ku duba jikin kowane batir na sola, za ku ga lamba biyu, misali 12V 100Ah. Ta farko bolt ce, wato ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Ta biyu ita ce abin da ƴan kasuwa ke taƙaitawa su ce batir mai amper ɗari, wato yawan wutar da cikinsa ke ɗauka. Idan aka ninka lambobin biyu, 12 sau 100, za a samu 1200. Wannan shi ne ainihin abincin da ke cikin tukunya, ana auna shi da wat a awa. A takarda, fanka mai cin wat 50 zai yi awa 24 a kansa. A zahiri rabin haka ne, don batir na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, za mu dawo kan wannan.

Kowane batir yana da kai biyu: mai alamar + wanda galibi ake yi wa launin ja, da mai alamar − wanda ake yi wa baƙi ko shuɗi. Za mu riƙa ce musu kan ja da kan baƙi.

Haɗin jere, wato seri, ba baƙon abu ba ne ga kowa. Duk wanda ya taɓa zuba batir a tocila ya yi shi: kan wannan na taɓa gindin wancan, kowane ɗaya bolt 1.5, biyu su ba da bolt 3. Rediyon da ke cin huɗu a jere bolt 6 yake sha. Shi kansa babban batir na bolt 12 jere ne a cikinsa. Murafai shida ɗin nan da ake buɗewa a zuba ruwa, kowanne ɗaki ne mai ba da bolt 2.1, shida suka taru suka ba da kusan 12.6. Manyan motocin da ke ɗaukar albasa daga Galmi su ma bolt 24 suke aiki da shi, batura biyu ne aka jera a gefen mota.

A haɗin jere ana ɗaukar gajeriyar waya mai kauri daga kan ja na batir na farko zuwa kan baƙi na batir na biyu. Kawunan biyu da suka rage, baƙi na farko da ja na biyu, su ne za su tafi wajen na'ura. Bolt ya taru, amper bai motsa ba. Batura biyu masu 12V 100Ah sun zama 24V 100Ah.

A haɗin gefe da gefe, wato paralel, ja na tafiya wajen ja, baƙi wajen baƙi. Nan bolt ne bai motsa ba, amper ya taru: 12V 200Ah.

Mai jan ruwa a rijiya zai gane wannan da sauri. In ka ƙulla igiya biyu baki da baki, ta yi tsawo, ta kai rijiya mai zurfi, amma kaurinta na nan yadda yake. In ka tufka su tare, ta yi kauri, tsawonta bai ƙaru ba. Ko ta wace hanya ka bi, igiyar da ka saya ita ce dai a hannunka. To haka batir yake. 24 sau 100 ya ba da 2400, 12 sau 200 ma 2400. Duk wanda ya ce muku jere na ninka wuta, ko gefe da gefe na sa batir ya fi daɗewa da dare ninki biyu fiye da jere, bai yi lissafi ba. Wutar ɗaya ce, siffarta ce ta sauya.

Wa ke zaɓen bolt?

Inbata ce, na'urar nan da ke juya wutar batir ta koma bolt 220 irin ta NIGELEC, wadda masu gyaranmu ke kira kombertiser. A bayanta an rubuta bolt ɗin da take karɓa, 12 ko 24 ko 48, kuma ba ta yin ciniki. In aka ba inbata mai 24 batir guda, ƙara kawai za ta yi ta ƙi tashi. In aka ba mai 12 batura biyu a jere, wannan sai hayaƙi, kuma mai shago ba zai karɓa ba. Don haka a san inbata kafin a sayi batura, ko a saye su tare.

Me ya sa ake hawa zuwa 24 da 48 tunda wutar ɗaya ce? Saboda waya. A ce kayan gida na jan wat 1200 a lokaci guda. A bolt 12, amper 100 ne zai bi ta cikin wayar da ke tsakanin batir da inbata. A bolt 24, amper 50. A bolt 48, amper 25 kacal. Zafin da waya ke yi kuma ba daidai da amper yake hawa ba, ninkin ninki yake yi: in amper ya ragu da rabi, zafin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amper 100 na buƙatar waya mai kaurin milimita 25 zuwa 35 a faɗin cikinta, irin ta masu walda. Wayar gida mai 2.5 da muke gani wasu na ɗaura wa batir amper 20 ne iyakarta ko kusa da haka. Ta ɗauki zafi, robar ta yi laushi, inbata ta riƙa kuka tana cewa batir ya ƙare alhali wutar a hanya take zubewa.

Abin da masu aikin suka saba bi shi ne, ƙaramin haɗi na ƙwan fitila, tele da cajin salula ya zauna a 12. In kaya sun haura wat dubu, ga firigo ga fankoki, a koma 24. In an kai wat dubu uku zuwa sama, kamar gidan likita na ƙauye, gidan rediyo irin namu ko shagon ƙanƙara mai firiza da yawa, 48 ya fi.

Batura huɗu masu 12V 100Ah suna iya ba da ukun duka. Huɗu a jere, 48V 100Ah. Huɗu gefe da gefe, 12V 400Ah. Ko a jera biyu nan, biyu can, sannan a haɗa layukan biyu gefe da gefe, a samu 24V 200Ah. Ko'ina 4800 ne. A wannan na ukun ne hannu ya fi ruɗewa, don haka a gama jera kowane layi shi kaɗai, a sa mita a tabbatar yana nuna wajen bolt 25, kafin a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Kuskuren da ba a so ko kusa shi ne rufe zobe, wato a ɗauki kan ja na ƙarshen layi a mayar da shi kan baƙi na farkon layin. Nan take waya za ta yi ja kamar garwashi.

Inda jere ke cin mutum

Mu koma ga igiyar rijiya. Wadda aka ƙulla baki da baki, in rabi sabuwa ce rabi ruɓaɓɓiya, inda za ta tsinke sananne ne. A haɗin jere amper ɗaya ne ke ratsa duka baturan, ko sun so ko ba su so ba. In aka jera mai 100Ah da mai 200Ah, mita za ta nuna bolt 24 lafiya lau, mai gida ya yi murna. Da dare ƙaramin ya ƙare ƙaf tun babban na rabi, inbata kuma ba ta sani ba, tana ci gaba da ja. Da rana ƙaramin ya riga cika, ya yi ta tafasa yana jiran babban. Tsoho da sabo ma haka ne, don tsohon da aka rubuta wa 100 wataƙila 60 ya rage a cikinsa.

Dalilin da ya sa abin ke ɓoyuwa shi ne, regilater, na'urar da ke daidaita caji tsakanin panno da batir, jimla kawai yake gani. An saita shi ya tsaya a wajen bolt 28.8, wato 14.4 ga kowane batir. In ɗaya na kan 15.3 ɗayan na kan 13.5, jimla 28.8 ce, shi a wurinsa komai daidai. Amma na farkon yana ƙona ruwansa kullum, na biyun kuma bai taɓa ƙoshi ba. Batir na dalma da ke kwana da yunwa, wani farin gishiri ne ke taruwa a farantansa ya daskare, cikinsa ya yi ta ƙanƙancewa. Wata shida, wata takwas, sai a ce an sayar wa mutum da jabu.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu sosai wadda, a ganinmu, ta fi kowace kashe batura a haɗin 24. Gida na da ƙwan fitila na bolt 12, ko fanka na bolt 12, ko abin cajin salula irin na mota. Mai gyara ya duba, ya ga ai kowane batir 12 ne, sai ya maƙala waya a kan guda ɗaya daga cikin biyun. Fitila ta kama, an biya shi, ya tafi. Daga ranar batir ɗin nan na aiki biyu, ɗan'uwansa na aiki ɗaya, caji kuwa daidai ake raba musu. Kullum giɓin na ƙaruwa. Wasu kan ce za su riƙa sauya wayar daga wannan zuwa wancan kowane mako, amma wa ke tunawa? Maganin abin ƙaramar na'ura ce mai saukar da 24 zuwa 12, irin wadda direbobin manyan motoci ke sa wa rediyonsu. Tana sha daga duka layin, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na batir guda ba. Akwai kuma na'urar daidaita batura da ake ɗaurawa a tsakaninsu, tana kwasar wuta daga wanda ya fi cika ta ba ɗan'uwansa. Tana taimako, musamman a layin huɗu na 48, amma ba ta tayar da matacce.

In batir ɗaya ya mutu a layin da ya shekara biyu yana aiki, gaskiya mai ɗaci ita ce sabon da za a sa ba zai daɗe ba. Mun san halin aljihu, ba kowa ke iya sauya duka a lokaci guda ba. In dole ce, a nemi mai girma ɗaya da iri ɗaya, a cika kowanne shi kaɗai kafin a jera su, a kuma sa ido da mita.

Inda gefe da gefe ke cin mutum

Nan misalin randa ya fi dacewa. Randa biyu da aka haɗa da tiyo ta ƙasa, ruwansu dole ya daidaita. In ɗaya cike take ɗaya wofi, da an buɗe tiyo ruwa zai kwarara da ƙarfi. Batura ma haka: a haɗa cikakke da wanda ya sauka sosai, wuta mai yawa za ta ruga daga wannan zuwa wancan ba tare da wani mai tsaro a tsakani ba. Shi ya sa ake cajin kowanne, a bar su su huta ƴan awoyi, a auna, in bambancin bai wuce 0.1 ko 0.2 ba sannan a haɗa.

In kuma randa ɗaya ta tsage, duka biyun za su tsiyaye. Batirin da ɗaki ɗaya cikin shidansa ya lalace yakan koma wajen bolt 10.5. Sauran da ke gefensa za su yi ta ɗura masa wuta dare da rana suna neman ɗaga shi zuwa 12, shi kuma ya yi ta zafi yana kumbura. Mai gida zai ga wuta ba ta kai asuba, ya ɗauka duka sun tsufa, alhali guda ɗaya ne ɓarawon. In kun taɓa jikin batura da safe kun ji ɗaya ya fi sauran ɗumi, a cire shi a auna shi shi kaɗai.

Wurin da ake ɗaukar wuta ma yana da tasiri, ko da yake ido ba ya gani. In batura uku na gefe da gefe, aka ɗauki ja da baƙi duka daga na farko, shi zai fi shan wahala, na ƙarshe yana hutawa, don kowace waya da kowane noti na rage wani abu kaɗan. A ɗauki ja daga na farko, baƙi daga na ƙarshe. Wayoyin tsakani su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Wannan ba ya cin ko dala, sanin kawai ake bukata. Kuma kada layuka su yi yawa. Uku, in an matsa huɗu. Wanda ke son 200Ah, batir guda mai 200 ya fi masa kwanciyar hankali a kan biyu masu 100.

Ƙara batir ba tare da ƙara panno ba

Wannan shi ne abin da ke biyo bayan paralel kusan kullum. Wuta ba ta kai safe, sai a sayo wani batir a ƙara a gefe. An faɗaɗa rumbu, gona na nan yadda take. Mu yi lissafin wani gida na misali. Fanka biyu masu wat 50, awa goma, 1000 ke nan. Tele mai wat 60, awa huɗu, 240. Ƙwan fitila biyar masu wat 10, awa biyar, 250. Jimla 1490. Ita ma inbata tana cin nata, sai a ce 1750. Tunda rabi kawai ake so a sha, ana bukatar rumbu mai 3500 ko fiye. Batura biyu masu 100Ah, 2400 ne, ba za su isa ba ko a jere ko a gefe. Biyu masu 200Ah, 4800, sun isa har da saura.

To wannan 1750 da aka sha dole ta dawo washegari, har da ƙari, don caji ma na da asara. Rana mai ƙarfi da panno ke cin moriyarta sosai awa biyar ce zuwa shida a ƙasarmu. Panno guda mai wat 300 ba zai mayar da ita ba, sai an kai wajen 500 zuwa 600, balle a lokacin hunturu da ƙura ke rufe gilashi da sararin sama. Ƙa'idar da aka saba ita ce wutar caji ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na girman batir: rumbu mai 200Ah na son wajen amper 20. Wanda ba ya samun haka kullum a rabin ciki yake kwana, farin gishirin nan da muka ambata ya kama shi.

A tuna kuma panno ma sai ya dace da bolt ɗin rumbu. Ƙaramin panno da ake kira na 12, wajen bolt 18 yake bayarwa, ba zai cika layin 24 ba sai an jera biyu. Regilater mai alamar MPPT ya fi sassauci, yana karɓar bolt mai yawa daga panno ya saukar da shi daidai da batir, amma shi ma yana da iyakar da aka rubuta a jikinsa. Wajen ɗaurawa, batir ake fara haɗa wa regilater kafin panno, don da yawansu daga batir suke gane ko 12 ne ko 24. Wajen kwancewa, panno ake fara cirewa.

Batir na mota fa? Yana da arha, yana ko'ina, amma an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, sannan mota ta cika shi nan take. Farantansa sirara ne. In ana sauke shi kowane dare ba ya jurewa. Haɗa shi da batir na sola a layi ɗaya kuwa, ɓata na solar ne.

Lityom

Baturan lityom sun fara yawa a shagunan Yamai da Maraɗi. Irin da ake sa wa sola, mai alamar LiFePO4, kowane ɗakinsa bolt 3.2 ne. Huɗu a jere 12.8, takwas 25.6, goma sha shida 51.2, wanda ake sayarwa a matsayin 48. Ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, kuma a cikinsa akwai wani allo mai tsaro, BMS, da ke lura da kowane ɗaki ya kuma yanke wuta in abu ya wuce kima. Wannan allon ne ya sa ba kowane lityom na 12 ake jerawa ba. Wasu kamfanoni sun yarda a jera har huɗu, wasu sun hana gaba ɗaya. A karanta takardar da ta zo da shi. In 24 ko 48 ake so, sayen wanda aka ƙera a haka tun daga masana'anta ya fi. Kada a haɗa lityom da na dalma a rumbu ɗaya, kuma a tabbatar regilater da inbata sun san cajin lityom.

Matasan da ke kwance tsofaffin baturan kwamfuta suna harhaɗa ƙananan ƙwayoyin nan masu bolt 3.7, muna yaba ƙoƙarinsu, ilimin seri da paralel ɗin dai shi ne. Amma wannan irin ba LiFePO4 ba ne, in ya wuce 4.2 ko ya huje yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ba BMS, kada a kwana da shi a ɗaki.

Hannu da ido

Bolt 12 ko 24 ba ya jan mutum kamar kuran na gida, shi ya sa ake raina shi. Haɗarinsa a amper yake. Babban batir na iya sakin ɗaruruwan amper a ƙiftawar ido in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu. Sifana, ko kile kamar yadda ake faɗa a garejinmu, in ta faɗa a kai tana iya narkewa ta manne. Zoben azurfa a yatsa ya isa ya ƙona mutum har ƙashi. A cire zobe da agogo, a naɗe hannun sifana da roba, a rufe kan da ba a aiki a kansa. A sa fiyus a kan wayar ja, kusa da batir, in layuka biyu ne ko uku kowanne da nasa. Sau da yawa muna ganin haɗi mai tsada ba fiyus ko ɗaya, an bar wayar ita ce fiyus, ɗakin kuma na kara ne ko mai silin na katako.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, iskar da tartsatsi kaɗan ke tayarwa. Ba sigari, ba ashana, ba murhu a kusa, kuma wurin ya zama mai shan iska. Ruwan cikinsa asid ne, in ya taɓa ido ko fata a wanke da ruwa mai yawa a nufi likita. In ruwan ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Mataccen batir a kai wa masu saye, kada a fasa shi a tsakar gida, dalma guba ce ga yara.

Sai zafi, wanda mu nan ba mu da yadda za mu yi da shi sai dabara. Shekarun da kamfani ke rubutawa a kan ma'aunin digiri 25 aka auna su. Duk ƙarin digiri goma, rayuwar batir na dalma na raguwa da kusan rabi. A Afrilu da Mayu inuwa kanta na haura 40, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Ɗakin ƙasa mai kauri ya fi, a ɗaga batura a kan katako, a bar tazarar yatsa biyu ko uku a tsakaninsu. In suna manne, na tsakiya ya fi zafi, ya riga sauran tsufa, an koma matsalar tsoho da sabo ke nan a layi ɗaya.

Mitar awo ƙarama ta isa mai gida ya bi lafiyar rumbunsa. Sau ɗaya a wata, a kashe kaya, a cire panno, a bar batura su huta awa biyu ko uku, sannan a auna kowanne shi kaɗai. Na dalma in ya cika yana nuna wajen 12.7, in yana rabi wajen 12.2, in ya sauka ƙasa da 12 an sha shi fiye da kima. A haɗin jere ana iya aunawa ba tare da kwance komai ba, kuma ya kamata a sake aunawa da tsakar rana lokacin da caji ke kan ganiyarsa, don a nan bambanci ya fi fitowa. In tazarar da ke tsakanin biyu ta kai rabin bolt, a raba su, a cika kowanne da caja ta 12, a mayar. A haɗin gefe da gefe kuwa sai an kwance waya, in ba haka ba lamba ɗaya duka za su nuna. A rubuta ranar da lambobin a jikin bango ko a ɗan littafi kusa da baturan, don mai gyaran da zai zo ya ga wanne ne ya fara ja da baya da kuma watan da ya fara.